1600, 1776 ko 1915: Wane Inji Ya Dace da Karmann Ghia a Zafin Jigawa?

Duk wanda ya sauke injin Karmann Ghia ko na Volkswagen Beetle don yi masa gyaran gaba ɗaya, kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya sai ya yanke shawara: a mai da shi yadda kamfani ya yi shi, ko a ƙara masa girma? Wannan inji ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iskar da fanka ke hurawa a kan silinda, da baƙin mai lita 2.5 da ke cikinsa, su kaɗai ke kwashe masa zafi. A Ringim ko Gumel ko Haɗeja, inda daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40, iskar da ake so ta sanyaya injin ita ma da zafinta take shigowa. Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet daga Jamus da Amurka suke fitowa, inda rana ba ta kai tamu ba, ƙura ba ta kai tamu ba, fetur kuma ya fi namu ƙarfi. Lissafin da ya yi musu daidai ba lalle ne ya yi mana ba.

Kamfanin Ghia na birnin Turin a Italiya ne ya zana jikin motar, Karmann kuma ya ƙera ta a Osnabrück ta Jamus daga 1955 zuwa 1974. Siffarta ta motar tsere ce, ƙasa-ƙasa, mai kyan gani, amma abin da ke ƙarƙashinta na Beetle ne, inji da giyabos duka. A nan muka yi sa'a. Volkswagen ta fara haɗa Beetle a Legas a 1975, ga 'yan uwanta Igala da Kombi, shi ya sa har yau ba a rasa gawar injin nan a bayan tsofaffin gareji, ko a hannun masu tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kamfani ya yi shi girma-girma, lambar kowanne girman cikin silindarsa ne a ma'aunin cc: 1200 mai fistan milimita 77 da bugu (tazarar da fistan ke kaiwa da komowa) milimita 64, sai 1300 mai fistan 77, da 1500 mai 83, da 1600 mai 85.5, su ukun nan duk bugunsu 69 ne. Faɗin fistan da tsawon bugunsa, a kan lambobin nan biyu duk gardamar take. Mai 1500 zai iya komawa 1600 a kan bulok ɗinsa, mai 1300 ma haka in ya samo kan silinda na 1600. Mai 1200 kuwa, in ƙarfi yake nema, gara ya ajiye nasa ya nemo wani injin.

Kafin a kai ga fistan a fara da bulok, wato gangar jikin injin, domin shi zai ce e ko a'a. Ɓari biyu ne da aka haɗe da ƙusoshi, kuma na asali da magnesiyam aka zuba shi, ƙarfe mara nauyi amma mai laushi, wanda shekaru da zafi ke gajiyar da shi. Tun ba a watsa injin ba, ka kama fulin baya da hannu biyu, ka ja ka tura. Wasan da kamfani ya yarda da shi daga milimita 0.07 ne zuwa 0.13, abin da hannu da ƙyar zai ji. In ka ji ƙwas-ƙwas har ido na ganin motsin, da wuya in mital ɗin wajen fulayawil bai ci mazauninsa ba. Bayan an wanke bulok tas da kananzir, a duba bayan fulayawil ta ɓangaren silinda ta 3, nan yake yawan tsagewa, sannan a duba dogayen ƙusoshin da ke riƙe kan silinda ko sun fara saɓulewa daga ramukansu. Mazaunin mital da ya buɗe ana gurje shi a layi ɗaya a sa mital mai kauri, ƙusoshin kuma a dasa musu sabon mazauni na ƙarfe. Amma bulok da ya tsage, ko wanda aka sha gurzarsa a baya, kada a ɗora masa ƙarin girma ko kaɗan. In akwai zaɓi a ɗauki na 1970 zuwa sama, mai bawul biyu na daidaita matsin mai.

Zaɓi na farko shi ne 1600 cif, wato cc 1584. Na san matasa ba sa son jin wannan. Ƙarfinsa doki 50 ne a juyi 4,000 cikin minti, kuma duk wata ƙaramar motar zamani za ta bar shi a titi. Sai dai a kan wannan girman aka auna fanka da rumfarta, da kafireto, da distiribita, da kulochi, kowanne ya san aikinsa. Ba a yanka bulok, ba a yanka kan silinda, saboda haka makanike mai haƙuri, da ɗaki mai tsabta da sifana mai ma'aunin ɗauri, zai haɗa shi a garinku ba tare da an yi ta zaryar Kano ba. Jikin silindarsa na da kauri. In wani abu ya lalace a hanyar Gujungu, kayan Beetle ko na Kombi za su shiga. Kuma ita Ghia, saboda gajartarta da yadda jikinta ke ratsa iska, ta fi Beetle gudu da inji iri ɗaya. Wanda motar ta gado ce a wurinsa, yana son ya fita da ita ranar Juma'a ko lokacin Sallah ya dawo lafiya, ban ga abin da zai kai shi gaba da nan ba.

Na biyu shi ne wanda mai shago zai fi tallata maka. Za ka ji ya ce, "Alhaji, ɗauki 87 mana, kuɗin kusan ɗaya ne, kuma ba sai an yanka komai ba." Gaskiya ya faɗa, fistan 87 yana ba da cc 1641 kuma yana shiga ramin 85.5 salin-alin. To amma ta yaya ya shiga? Wajen silindar bai canja ba, cikinta aka rarake, kowane gefe ya rasa milimita 0.75 na kauri. Abin da aka samu cc 57 ne, bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ƙafarka ba za ta ji bambancinsa a totur ba. Silinda mara kauri in ta sha zafi takan bar da'irarta, kamar tukunyar dalma mara kauri da ta daɗe a murhu, bakinta ya karkace har murfi ya daina zama. Ringi ya daina rufewa, hayaƙi ya riƙa tsallakawa cikin bulok, mai ya fara tsartuwa ta fuli. Fistan 88 da ke shiga ba yanka ya ma fi wannan muni. A ƙasa mai sanyi wasu na samun shekaru da su. A nan ba na ba kowa shawararsu.

In dai ƙarin girma ake so da gaske, 1776 ne wurin tsayawa. Fistan 90.5 ne a kan kiranshaf ɗin kamfani mai bugu 69. Ana faɗaɗa ramuka huɗu na bulok da na kan silinda, don haka silindar tana zuwa da kaurinta cikakke, ba a ci bashin jikinta ba. Ƙarin cc 192 ne, wajen kashi 12 cikin 100, kuma wannan kam ana jin sa, musamman wajen tashi da wajen wuce tirela, inda 1600 ke sa mutum ya yi ta addu'a. Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya tilasta maka canja komai da komai. Zai yi aiki da kamshaf na kamfani, da kan silinda na kamfani, da kafireto guda in an ƙara masa girman jet, sannan nan gaba in hali ya samu a ɗora masa kafireto biyu ba tare da an sake buɗe cikinsa ba.

Sai dai rayuwar 1776 tana hannun wanda ya yi yankan. Mazaunin silinda biyu na kowane gefe dole su zama tsayi ɗaya, ramuka biyu na kowane kan silinda kuma zurfi ɗaya, domin injin nan a yadda kamfani ya yi shi ba shi da gasket a tsakanin silinda da kanta, ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe. In ɗaya ta fi 'yar uwarta tsayi da kaurin takarda, ɗayar za ta riƙa fitar da wuta ta gefe, kana jin fis-fis in an taka totur, har ta cinye alminiyam ɗin. Saboda haka kada ka aika yaro da bulok a motar haya ya kai wa duk wanda ya samu. Ka je da kanka, ka tafi da sababbin silindar a hannu don a auna a kansu, ka tambayi mai injin gurzar ko ya taɓa yin irin aikin, ka tsaya a gwada a gabanka. In ba a samu wanda hankalinka ya kwanta da shi ba, ka koma 1600 ba tare da jin ka yi asara ba. Lafiyayyen 1600 ya fi 1776 mai yoyo nesa ba kusa ba.

Daga nan sai 1835, mai fistan 92. Irin wanda aka fi samu ramin 90.5 yake shiga, ka ga an koma gidan jiya: cc 59 kacal aka ƙara, aka rage kaurin jiki. Akwai 92 mai kaurin jiki da ke bukatar rami mafi faɗi, wannan ba laifi, amma sai ka tabbatar shi aka sayar maka. Shi kuwa 1915, mai fistan 94, ƙarinsa ya kai kashi 21 cikin 100, kuma in an haɗa shi da kyau mota ce ta daban. Matsalarsa biyu. Yankan yana matsowa dab da ramukan dogayen ƙusoshi, abin da tsohon bulok na magnesiyam ba ya so. Sannan ba ya zuwa shi kaɗai: yana son kan silinda mai manyan bawul, da kafireto biyu, da salansa mai faɗi, da kulochi mai ƙarfi, in ba haka ba ka sayi girman da ba ya samun numfashi. Ƙarin ƙarfi kuma ƙarin wuta ne, alhali fanka da fikafikan kan silinda suna nan yadda suke. Zai iya rayuwa a Jigawa, amma a hannun mutumin da ya sa agogon zafin kan silinda kuma yake kallonsa, wanda ya san ya sassauta in allura ta doshi digiri 200.

Masu canja kiranshaf su ƙara tsawon bugu, 74 ko 78 ko 82, su kai 2110 ko 2276, wannan wani fage ne. Ana sassaƙe cikin bulok don kwanrod ya samu wurin juyawa, a nemo fistan na musamman, sau da yawa injin ya ƙara faɗi har faifan rufinsa su daina zama sai an yi musu ƙari. Aiki ne na wanda ya haɗa injin nan sau da dama, kuma kusan kowane abu sai an yo odarsa daga waje.

Akwai lambar da ta fi girman fistan muhimmanci a wurinmu, ita ce kwamfireshan, wato sau nawa fistan ke matse iska da fetur kafin wuta ta kama, kuma ita aka fi mantawa. Na 1600 na kamfani wajen 7.5 ne. Abin da mutane ba sa lura da shi, da zarar an ƙara faɗin fistan a kan kan silinda ɗaya, lambar nan hawa take da kanta. A ce kwarmin kan silindarka, inda fetur ke ƙonewa, cc 52 ne, ratar da ke tsakanin saman fistan da bakin silinda kuma milimita 1.5. Da fistan 85.5 za ka samu 7.5. Da 90.5 ya zama 8.2. Da 94 ya kai 8.7. A Turai, inda fetur na gama-gari oktan 95 ne, babu damuwa. Mu namu bai kai haka ba ko a gidan mai, balle wanda za ka saya a galan a bakin hanya wurin 'yan bumburutu in tafiya ta kama, wanda ba ka san kwanansa ko abin da aka gauraya masa ba. Fetur mara ƙarfi a cikin matsi mai yawa da iska mai zafi fashewa yake ba ƙonewa a hankali ba. Shi ne ƙyal-ƙyal ɗin da ake ji in an taka totur a babbar giya, kuma da yake injin a baya yake, sau da yawa direba ba ya ma ji sai fistan ya huje.

Auna shi ba wuya. Ka sayi sirinji babba a kemis, ka samo faifan roba mai garai-garai ka huda shi a gefe. A kifa kan silinda kwarmin na kallon sama, bawul da fulogi suna ciki, a shafa giris siriri a bakin kwarmin a manna faifan. Sai a riƙa ɗura kananzir ta hudar a hankali, ana ɗan karkata shi don kumfar iska ta gudu ta fita, har ya cika. Abin da sirinji ya rage shi ne girman kwarmin. A yi wa duka huɗun, a rubuta da alli a jikin kowanne. Ga 1776 da ake so ya tsaya a 7.5, kwarmin na bukatar ya kai cc 58 zuwa 59, don haka a ɗan sassaƙe gefensa a daidaita huɗun. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a cusa zobba masu kauri a gindin silinda har ratar saman fistan ta kai milimita 2.5 ko 3, kuma da yawa haka suke yi. Lambar za ta sauka, amma wutar ba za ta ci da kyau ba, kan silinda ya ƙara zafi. Ratar nan a bar ta tsakanin milimita 1 da 1.5. Ni dai a ƙasar nan, da kamshaf na kamfani, ba na son ganin abin da ya wuce 7.8.

Taimin ma haka, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. A saita shi da fitilar taimin, injin na juyi 3,000 ko sama, an cire tiyon iska na distiribita, a tsayar da shi tsakanin digiri 28 da 30 na juyin fuli kafin fistan ya kai ƙarshen matsawarsa. Saitin kunne yaudara ne, domin injin ya fi daɗin sauti a sulo in an wuce da shi gaba, can a kan titi kuma ya dafa kansa. Distiribita Bosch 009 da ta cika kasuwa ba ta da tiyon iska, kuma in an haɗa ta da kafireto Solex 34 PICT-3 takan sa mota ta yi shiru na ɗan lokaci in an taka daga tsaye. Distiribita mai aiki da tiyon iska da juyin inji a haɗe ta fi dacewa da kafireto guda, ta fi kuma rage shan mai, abin da ba wanda zai raina tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023.

Kan silinda iri biyu ne. Akwai mai kafa ɗaya da ke ciyar da silinda biyu, akwai mai kafa biyu da ya zo daga 1971. Mai kafa biyu ya fi numfashi, shi ya dace da 1776 zuwa sama, amma ya fi saurin tsagewa tsakanin mazaunin bawul da ramin fulogi, kuma bututunsa na da robobi biyu da zafi ke busarwa su tsage su riƙa satar iska. Mai kafa ɗaya ba shi da wannan rigimar, yana da ja a ƙaramin juyi, kuma ga 1600 na ƙauye ba abin raini ba ne. Bawul na kamfani, 35.5 na shiga da 32 na fita, sun ishi 1776. Masu 40 da 35.5 na 1915 ne. Kowanne ka zaɓa, bawul ɗin fitar hayaƙi huɗun nan a sa sababbi, ko da tsofaffin sun yi kyan gani. Kansu kan guntule ya faɗa kan fistan, na silinda ta 3 ya fi kowanne suna a wannan.

Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ba ya bukatar dogon bayani. Na kamfani, ko Engle 100 in ana son ɗan ƙari. Engle 110 da 120 suna mai da ƙarfi can saman juyi, suna son kafireto biyu da kwamfireshan da feturinmu ba zai ɗauka ba. A haɗa su da 7.5 sai mota ta yi nauyin tashi. Sabon kamshaf kuma da sababbin tafet yake tafiya.

Maganar kafireto a wurinmu maganar ƙura ce. Kafireto biyu, Kadron ko Weber 34 ICT ko Weber 40 IDF, suna zama kai tsaye a kan kowane gefe, suna ba injin ƙarfi na gaske, ba musu. To amma dubi matatar iskar da suke zuwa da ita: 'yar ƙarama, ta raga ko soso, an yi ta don titin da ake sharewa. Ka bi hanyar burji a watan Janairu, hazo ya rufe gari, ga motar gabanka na tayar da jar ƙasa, ka tsaya ka shafa yatsa a cikin maƙogwaron kafireton. In ka ji gari-gari, abin da ringi da silinda ke sha ke nan. Matatar kamfani mai baƙin mai a gindinta, wadda matasa ke cirewa don ba ta da ƙyalli, ita ce ta fi dacewa da mu. Iska na shiga ta yi kwana a saman man, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, sauran ta maƙale a ragar da man ya jiƙa. Buɗe ta bayan hunturu ka ga laka a gindinta, ka kwashe, ka wanke, ka zuba sabon mai zuwa layin da aka zana, shi ke nan, ba a sayen komai. Ga kuma saiti: kafireto biyu sai an daidaita su su ja iska daidai da juna, sandar da ke haɗa su kuma gargada na kwance ta. Solex guda kuwa duk tsohon makaniken da ya yi zamanin Beetle zai gyara ta. Wanda yawancin tafiyarsa kwalta ce tsakanin Dutse da Kano, ya sa biyun in yana so, amma ya kashe kuɗi a matata mai kyau. Wanda gidansa sai an sauka daga kwalta an yi tafiya a yashi, ya zauna da guda. Kuma ko da wane iri ne, a ɗaure tiyon fetur da kilif a kowane baki, a gwada ɗan bututun tagullar da ke shiga kafireto ko ya yi lako-lako, domin daga nan gobarar motocin nan ta fi tashi.

In kuɗinka ba za su isa komai ba, ka rage a girma ka sa a sanyaya. A tsohon tsari, na'urar sanyaya mai tana tsaye a cikin rumfar fanka, iskar da za ta je silinda ta 3 da ta 4 sai ta bi ta jikinta ta ɗumama. Daga 1971 aka fitar da ita zuwa wani ɗan ɗaki a bayan rumfar, aka faɗaɗa fankar, iskar da ta sanyaya mai kuma aka yi mata hanyar fita waje. Wannan rumfar ita za ka nema, da fankarta da duk 'yan faifanta, ko 1600 kake haɗawa. Sauran aikin na ido ne da haƙuri. Kowane faifan rufi ya koma wurinsa, har ƙananan da ke maƙale a ƙarƙashin silinda, waɗanda in an manta da su sai an sake cire kan silinda. Robar da ta zagaye ɗakin inji ta zama sabuwa, in ba haka ba fanka za ta riƙa zuƙo iskar salansa daga ƙasa. Bakuna biyu na rumfar da ke kai iska ga hita, in an cire tiyonsu a toshe su, kada iska ta riƙa zubewa a banza. Robobin wayar fulogi su rufe ramukansu. Marufan da ke cikin rumfar, waɗanda ake cirewa wai don gari da zafi, su ne ke karkata iska zuwa kan silinda. In na'urar buɗe su ta mutu a ɗaure su a buɗe, kada a jefar. Ƙaramin fuli na 'yan tsere rage gudun fanka yake, ba namu ba ne.

Fankar nan da juyin inji take tafiya, don haka jan mota a babbar giya injin na gurnani shi ne mafi zafin abin da za ka yi masa. A yashi ko a hawa, sauko da giya ka bar shi ya juya. In jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya nan take, wataƙila fambel ne ya tsinke, kuma bel ɗin da ke juya dainamo shi ke juya fanka. Lokaci-lokaci, injin a kashe, ka zura hannu bayan rumfar ka lalubo bakin fankar. Leda ɗaya da ta manne a nan ta isa ta kashe injin da aka kashe wa dukiya.

Injin kamfani ba shi da matatar mai, 'yar raga ce kawai a gindi, shi ya sa ake juye mai duk kilomita 5,000, a ƙurarmu ma gara a rage. Tunda bulok na buɗe, a huda shi a yi masa hanyar matata ta waje, wannan kuɗi ne da ba a yin da-na-saninsa. Famfon mai na milimita 26 ya isa. Babba na 30, in ya haɗu da mai mai kauri sosai, yana iya ɗaga matsi har bawul ɗin bulok ya riƙa kauce wa na'urar sanyaya mai, man ya ƙara zafi maimakon ya ragu.

Wanda Allah ya haɗa shi da Porsche 356 ko 912, injinsu ya yi kama da wannan a ido amma kayansu daban ne: na 1600 ɗinsu fistan 82.5 ne da bugu 74, cc 1582, ana kai shi 1720 da fistan 86. Tunanin kauri da matsi da zafi bai canja ba, kuɗin ne ya ninka. Ita kuma Ghia, wadda aka yi daga 1967 tana da birkin faifai a gaba, ta kafin nan ganga ce ƙafa huɗu, kuma bai kamata a ɗora 1776 a kan birkin da ba a sabunta ba.

Ranar tayar da sabon inji, a cire fulogi a yi ta kik har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar a tayar. Kada a bar shi a sulo. A riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 don kamshaf da tafet su saba da juna, a yi wannan da sassafe kafin rana ta ɗaga, sannan a juye man da ɗuminsa. Washegari, injin ya kwana ya huce sarai, a saita bawul takwas ɗin a milimita 0.15. Kilomita 1,000 na farko a riƙa sauya gudu, ba a daɗe a gudu ɗaya ba, ba a kuma ja shi a babbar giya ba. A tsakiyar wannan a sake juye mai, a sake duba bawul. Duk bawul ɗin da aka tarar yana matsewa a kowane dubawa, a rubuta lambarsa a bi shi, domin ko mazauninsa ne ke nutsewa ko shi kansa ke miƙewa, kuma gara a cire kan silinda ɗaya tun yanzu.